Ina za mu kai yara tattaki a karkarar Ingila, ga goyo ga tsohuwa?

"Assalamu alaikum Malam. Shekararmu biyu ke nan a Manchesta, ni da maigida da yara uku: babban yana da shekara tara, mai bi masa shida, sai auta da ba ta cika biyu ba. Tun da muka zo, daga gida sai makaranta sai kanti. Yanzu kuma Hajiya, mahaifiyar maigidan, ta zo mana ziyarar wata huɗu, tana fama da ciwon gwiwa, zaman ɗaki kuma ya fara damunta. Ina ganin hotunan ƙauyukan ƙasar nan, ina so mu riƙa fita, amma ina tsoro: kada mu shiga gonar wani a kira mana 'yan sanda, ga karnuka, ga ni da hijabi ban san yadda mutanen ƙauye za su karɓe mu ba. Muna da mota amma ni ba na tuƙi, maigidan kuma wani lokaci yana aiki ranar Asabar. Ina ya dace mu fara?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Maman yara. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya raya zuri'a. Tambayarki uku ce a dunƙule: ko kuna da izinin taka waɗannan hanyoyi, wace hanya ce za ta ɗauki ƙafar ɗan shekara shida da gwiwar Hajiya da goyo a lokaci guda, sannan me za ku tarar in kun je. Na daɗe a Sheffield, kuma shekaru da dama ke nan ina fita da iyalan mutanenmu tattaki a ƙarshen mako, don haka yawancin abin da zan faɗa miki na taka shi da ƙafata. Sunayen ƙauyuka zan bar su yadda suke a allunan hanya, don ki same su a taswira ba wahala.

Hanyar taku ce, doka ta ba ku

Ki fara cire tsoron 'yan sanda daga ranki. Kin san burtali a gida, hanyar da ake bari tsakanin gonaki don mutane da dabbobi su wuce. Ingila na da irinsa, sai dai nasu sau da yawa ba gefen gona yake bi ba, tsakiyarta yake ratsawa. Gonar ta manomi ce, hanyar kuwa ta kowa ce. A Ingila da Wales irin waɗannan hanyoyi sun kai kusan mil 140,000, kowace tana rubuce a taswirar hukuma da ke hannun majalisar yankin. Manomin da ya toshe ta ko ya sa mata kwaɗo, shi ne ya karya doka. Za ki ga hanya ta shiga ta ƙofar garken mutum, ta wuce ta bayan ɗakin girkinsa, ba wanda zai ce miki kanzil.

Ana gane ta da allon katako a bakin titi mai rubutun "Public Footpath", sai 'yan kibiyoyi a jikin turaku da ƙofofi. Kibiya ruwan ɗorawa ta masu tafiya a ƙasa ce kaɗai. Shuɗiya har da masu doki da masu keke. Ja kuwa har mota na iya bi, don haka a riƙe hannun yara. Taswirar da ta fi amfani ita ce ta hukumar taswira ta ƙasar, Ordnance Survey, mai bango ruwan lemo, wadda santimita huɗu a cikinta ke nufin kilomita ɗaya. Hanyoyin jama'a ɗigo-ɗigo ne kore a kanta. Akwai ta a manhajar waya, amma ki sauke yankin da za ku tun daga gida, don cikin kwari sabis yakan ɗauke.

Wannan haƙƙi bai zo a ɓagas ba. Ranar 24 ga Afrilu 1932 ɗaruruwan matasa ma'aikatan masana'antu, yawancinsu daga garinku Manchesta, suka hau tsaunin Kinder Scout da gangan, alhali masu ƙasar sun keɓe shi don harbin tsuntsaye. Aka yi arangama da masu gadi, aka ɗaure mutum biyar, har da jagoransu Benny Rothman, saurayi ɗan shekara 20. Daga baya aka yi dokar 1949, aka buɗe Peak District a 1951 a matsayin gandun shaƙatawa na ƙasa na farko, sannan dokar 2000 ta buɗe tsaunuka da filayen dawa, kusan kashi 8 cikin 100 na faɗin Ingila, inda mutum zai iya barin hanya ya yi yawonsa. Nakan ba da labarin nan ga duk wanda ya ce mini yana jin kamar ya shiga gidan mutane ba sallama. Talakawan birni ne suka sha ɗauri kan wannan, kuma dokar ba ta tambayi launin fata ko fasfo ba.

Abin da ke kanku kaɗan ne. A cikin gona a tsaya kan layin hanya. Ƙofa a bar ta yadda aka same ta, rufaffiya a rufe, buɗaɗɗiya a buɗe, don wani lokaci manomi ne ya bar ta saboda dabbobi su kai ga ruwa. Kada yara su hau katangun dutsen nan da za ku gani ko'ina; jera su aka yi ba siminti, suna zubewa. Shara a koma da ita gida. In kuskure ya sa kuka kauce, mafi yawa mai gonar zai nuna muku hanya ne, ku ba da haƙuri ku koma.

Da ƙafar ƙarami ake auna tafiya

Masu hawan dutse na da tsohon lissafi da William Naismith ya fitar a 1892: kilomita biyar a awa, a ƙara awa ɗaya kan kowane hawa na mita 600. Wannan na ƙarfafan manya ne. Da yara ni kilomita biyu nake lissafawa a awa, kuma ban cika yin kuskure da hakan ba, don yaro ba ya wuce kududdufi ko sanda ko tururuwa bai tsaya ba. Ɗan shekara shida da bai saba ba zai yi kilomita uku zuwa huɗu cikin walwala. Allunan ƙasar nan da mil suke ƙirga, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, don haka allon da ya ce mil uku ya riga ya wuce abin da nake so ku yi ranar farko.

Da tsada na koyi wannan. Wata Asabar a ƙarshen Oktoba na ɗauki iyalai huɗu zuwa Mam Tor, tsaunin da ke saman ƙauyen Castleton, mai tsayin mita 517. Daga wurin ajiye mota hawan bai kai rabin awa ba, an kuma shimfiɗa masa duwatsu, shi ya sa na ɗauka kowa zai iya. A ƙasa rana ta fito. Muna kaiwa tsakiya iska ta taso da yayyafi mai sanyin ƙanƙara. Akwai wani yaro ɗan shekara biyar cikin takalmin kambas da wandon jins. Kafin mu sauko leɓɓansa na karkarwa, yatsunsa sun kasa riƙe kofin shayi. Lafiya muka koma gida, amma sai da yaron nan ya shekara biyu bai yarda ya sake bin mu ba. Laifina ne, da ƙafata na auna tafiyar, kuma hasashen yanayin gari na duba, ban duba na tsauni ba. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasar, Met Office, tana fitar da na tsaunuka daban, kuma tun daga ranar shi nake bi.

Babban abin da ke hana tsofaffi da keken jarirai wucewa a karkarar nan ba nisa ba ne, 'yar matakalar katako ko ta dutse ce da ake ɗorawa a kan shinge don mutum ya tsallaka, tumaki su kasa. Gwiwar Hajiya ba za ta so ta ba. Hukumomin Peak District da Yorkshire Dales da Lake District duk suna da jerin hanyoyi da suka kira "Miles without Stiles", wato hanyoyin da babu irin wannan tsallake, tare da bayanin gangara da yanayin ƙasa. Da wannan jerin za ki riƙa zaɓe. Ke kuma kina da abin da yawancin Turawa sai sun saya da tsada: zani da majanyi. Goyo na wuce inda keke ba ya wucewa. Ki dai tuna ita autar ba motsi take ba, don haka sanyi ya fi kama ta. A sa mata hula da safa biyu, ki riƙa taɓa ƙafarta.

Sai batun mota. Ku shida ne da Hajiya, kuma in motarku mai kujera biyar ce ba za ta ɗauke ku ba, don a nan ba a ɗora yaro a cinya, kuma sai da kujerar yara har ya kai shekara 12 ko tsayin santimita 135. In haka ne, jirgin ƙasa ya zama dole ko da maigida yana nan. Ki nemi katin rangwame na Family & Friends Railcard: yana rage wa manya kashi ɗaya cikin uku, yara kashi 60 cikin 100, 'yan ƙasa da shekara biyar kuwa dama kyauta suke shiga.

Wuraren da zan kai ku, daga mai sauƙi

Fitar farko, Dunham Massey, kusa da Altrincham inda layin taragon cikin gari ya ƙare, sai ɗan tasi. Tsohon gidan masu sarauta ne da National Trust, ƙungiyar da ke adana tsofaffin gidaje da filaye, ke kula da shi. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, hanyoyin masu faɗi, ga kujeru, ga banɗaki, ga barewa suna kiwo kusa da mutane ƙarƙashin manyan itatuwa. A filin barewar dole karnuka su kasance a ɗaure, abin da ya sa nake fara kai yaran da ke tsoron kare can. A tafi da shirin biyan kuɗi, kuma kada a ba barewa abinci ko a taɓa su.

Asabar ɗin da maigida ke aiki, ki hau jirgi daga tashar Piccadilly zuwa Rose Hill Marple. Daga bakin tashar hanyar Middlewood Way ke farawa, tsohon layin dogo ne da ya miƙa har Macclesfield. Ba a ɓata a kansa: ku yi tafiyar minti arba'in, ku ci abinci, ku juyo. Tsofaffin layukan dogo su ne gatan mai iyali a ƙasar nan, saboda jirgi ba ya son hawa, don haka tun asali a miƙe aka gina su.

Na uku, madatsar ruwa ta Dovestone, bayan Oldham. Zagayen tafkin mil biyu da rabi ne, kan tsakuwa, da 'yan hawa kaɗan, tsaunuka sun kewaye ku ta ko'ina. Za ku tarar da iyalan Musulmi da yawa daga Oldham, ba za ki ji ke kaɗai ce mai hijabi ba. A je da wuri don wurin ajiye mota na cika. Gargaɗi ɗaya: a saman wurin akwai wasu duwatsu uku tsaye da ake kira Trinnacle, waɗanda hotunansu suka cika Instagram da TikTok. Hanyarsu ba ta yara ba ce, masu aikin ceto sun sha ɗauko mutane daga can. Ku tsaya a zagayen ƙasa.

Wadda na fi so kuwa ita ce Monsal Trail, kuma a kanta zan ɗan daɗe. Layin jirgi ne da ya haɗa Manchesta da Landan, aka rufe shi a 1968. Yanzu mil takwas da rabi ne na hanya mai laushi daga wajen garin Bakewell zuwa kwazazzabon Chee Dale, babu mota ko ɗaya. Abin da ya bambanta ta shi ne ramukan da aka huda cikin dutse don jirgi ya wuce. An sake buɗe manya huɗu daga cikinsu a 2011, aka sa musu fitilu da ke kunne daga safe zuwa faɗuwar rana. Mafi tsawo, Headstone, ya kusa rabin kilomita. Ciki akwai sanyi ko a Yuli, ruwa na ɗiga daga sama, murya na amsa-kuwwa. Ban taɓa shiga da yaro bai ƙwala ihu don ya ji muryarsa ta dawo ba. Sai can ku hango ɗan haske kamar ƙwayar gero, yana girma, kuna fitowa sai ga ku a kan doguwar gadar dutse da aka gina a 1863, kogin Wye na kwance can ƙasa, kwari kore shar dama da hagu.

Na taɓa zuwa nan da wata dattijuwa, mahaifiyar wani abokina, wadda ta yi wata uku a Sheffield ba ta wuce ƙofar gida ba sai zuwa asibiti. A hankali muka tafi, tana dogara sanda, jikokinta sun yi gaba. Da muka zo wani wuri da aka watsa taki a gona, sai ta tsaya ta ja numfashi, ta ce, "Yau dai na san na fito, ashe su ma suna noma." Daga nan ta shiga tambayata me ake shukawa, yaushe ake yankan ciyawa, me ya sa tumakinsu ke kwana a waje ba makiyayi. Ranar ta yi magana fiye da yadda ɗanta ya ji ta yi tun zuwanta. Shi ya sa nake ganin fitar nan Hajiya ta fi yaran ma buƙatarta.

Ba sai kun yi hanyar duka ba. In da mota, ku ajiye a tsohuwar tashar Millers Dale, akwai banɗaki da wurin shan shayi, kuma rami na kusa ta yamma bai kai mil ɗaya ba. Tashar Hassop kusa da Bakewell ita ma tana da wurin cin abinci da hayar keke, sai dai daga can zuwa Headstone da dawowa ya yi wa Hajiya yawa. Ita ta zauna a tashar da wani babba, masu ƙarfi su je. In babu mota, jirgi zuwa Buxton, sai bas zuwa Bakewell, amma daga cikin garin zuwa kan layin akwai hawa, a ɗaukar mata tasi. Masu keke na gudu a hanyar, musamman cikin ramukan, don haka yara su bi gefen hagu.

In ƙafa ta saba, akwai Padley Gorge, sama da tashar Grindleford a layin da ke tsakanin Manchesta da Sheffield. Ƙorama ce mai gangarowa cikin duwatsu da tsofaffin itatuwa masu gansakuka. Ɗan shekara tara zai so ta fiye da ko'ina, amma saiwoyi da santsi sun yi yawa ga Hajiya. Ita wurinta Longshaw, can samansa, inda akwai hanyoyi masu laushi da ɗan tafki. A Yorkshire akwai Malham Cove, bangon farin dutse mai tsayin kusan mita 80. Daga ƙauyen zuwa gindinsa bai kai mil ɗaya ba kuma hanyar na da kyau, amma samansa matakala kusan 400 ne, can kuma babu shinge a baki. Bolton Abbey na da kangon tsohuwar majami'a ta 1154 da duwatsun tsallaka kogin Wharfe, da gada a gefensu ga mai tsoro. A nan akwai wurin da ake kira Strid, inda kogin ya tsuke har ya zama kamar taku biyu a ido. Zurfinsa da ƙarfin ruwansa sun ci rayuka. In kun bi ta nan, hannun kowane yaro ya kasance cikin na babba.

Ranar da kuka shirya doguwar fita, Lake District. Tarn Hows kusa da Coniston zagaye ne da bai cika mil biyu ba, keken jarirai na bi, kuma National Trust na ba da aron keken lantarki ga masu ciwon ƙafa in an nema tun kafin ranar. Orrest Head kuwa daga tsallaken tashar jirgin Windermere ake fara hawansa, mita 238 ne kacal, amma daga sama tafkin duka na gabanki. Mam Tor ya jira watan Yuni, ranar da babu iska.

Ga 'yan'uwa da ke karanta wannan daga wasu garuruwa, a taƙaice: mutanen Landan na da Epping Forest da kwarin Chess, duka jirgin ƙarƙashin ƙasa na kaiwa, da Box Hill a Surrey, na Birmingham na da Lickey Hills, na Leicester, Bradgate Park. Mai zuwa Seven Sisters a bakin teku ya bi hanyar ƙasa zuwa Cuckmere Haven, ya nisanci bakin fararen duwatsun nan don suna zaftarewa ba gargaɗi.

Kare, saniya, kaska da ruwa

Karnuka za ku gamu da su, babu makawa. Ki koya wa yara tun a gida: in kare ya nufo ka, ka tsaya cak, ka naɗe hannu a ƙirji, kada ka yi ihu, kada ka gudu, don gudu shi ke sa ya bi ka. Ke kuma ki gaya wa mai shi kai tsaye cewa yaran na tsoro, ya riƙe shi. Yawancinsu nan take suke yi har da ba da haƙuri. A filayen dawa doka ta tilasta ɗaure kare daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli saboda tsuntsaye masu ƙwai a ƙasa, da kowane lokaci in akwai dabbobi kusa.

A wurina saniya mai ɗan maraƙi ta fi kare haɗari. Shanun nan ba irin na Fulani ba ne da suka saba bin mutum kullum. Manya ne, kuma ba makiyayi tare da su. Kada ku shiga tsakanin uwa da ɗanta. Ku zagaye garken daga nesa, a natse, ba gudu. In sun tare hanya ko hankalinki bai kwanta ba, ku juya. Ni da yara nakan juya, kuma ban taɓa nadama ba. Mace mai juna biyu ta nisanci tumaki lokacin haihuwarsu, wajen Maris da Afrilu, saboda cututtukan da ke iya taɓa ciki.

Kaska na nan cikin doguwar ciyawa, musamman inda barewa da tumaki suke, daga Maris zuwa Oktoba, kuma wasu na ɗauke da cutar Lyme. A sa dogon wando a cusa cikin safa. Da dare a duba bayan gwiwa, hammata, bayan kunne da gefen gashi. In an samu, a kama ta da ɗan hantsaki dab da fata a ja a hankali. Ba a shafa mata mai ko a ƙona ta. Alamar cutar zobe ne da ke faɗaɗa a wurin cizon, amma a fatarmu ba ya yin ja sosai, yakan yi kama da tabon bugu, don haka in an ga haka ko zazzaɓi ya biyo baya, a je wurin likita a ce masa an fita daji. Ni ba likita ba ne. Gwiwar Hajiya ma a tambayi likitanta nisan da ya dace da ita kafin a fara. Akwai kuma wani ganye mai gefe kamar zarto a bakin hanyoyi, mai ƙaiƙayi da zafi in ya taɓa fata. Ba ya da haɗari, yana wucewa.

Ruwa kuwa, wasa a ƙorama marar zurfi ba laifi. Iyo a madatsa haramun ne a tafiyata, ko da rana ta ƙwalle, don sanyin ruwan na ɗauke numfashin ko gwanin iyo cikin daƙiƙu. In wani abu ya faru a dawa, a kira 999, a nemi 'yan sanda, a ce ana son masu ceto na tsauni. 'Yan sa-kai ne, ba a biyan su ko sisi.

Hijabi, sallah da guzuri

Ba zan ce miki babu masu kallon banza ba. Ranar Kirsimetin 2021 ƙungiyar Musulmi masu tattaki, Muslim Hikers, wadda Haroon Mota ya kafa a 2020, ta hau Mam Tor da mutum fiye da ɗari, da aka sa hotunan a Facebook wasu suka yi ta zagi. Amma waɗanda suka fito suka mara musu baya sun fi yawa, kuma ƙungiyar sai ƙara girma ta yi. Akwai kuma Black Girls Hike, ta mata baƙar fata, da Rhiane Fatinikun ta kafa a 2019 a yankinku. Abin da na gani da idona shi ne, a kan hanya mutanen karkara sun fi na birni fara'a. A can ana gaisawa, kamar gida: duk wanda kuka yi kiciɓis da shi zai gaishe ku, ku ma ku riga shi. Wanda ya zage ku saboda addini ko launi ya aikata laifi, ana kai ƙara wurin 'yan sanda ta lambar 101. In zuciyarki na ɗar-ɗar, ki gayyaci wani gidan ku tafi tare.

Doguwar abaya na shan taɓo tana kuma kama ƙaya. Matan da muke fita da su sun fi jin daɗin wando mai faɗi da riga zuwa gwiwa, da ɗan hijabi da ake cusawa cikin rigar ruwa saboda iska. Kaya a sa su hawa-hawa don a rage in an yi gumi. Auduga da jins in sun jiƙe ba sa bushewa. Yara rambut ya ishe su a hanyoyin da na lissafa, kuma shagunan gwanjo na cike da rigunan ruwa masu araha.

Alƙibla daga nan kudu maso gabas take. Ku fita da alwala, da 'yar sallaya mai bayan leda, da gorar ruwa a madadin buta. Mun sha yin jam'i a gefen hanya mutane na wucewa abinsu. A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, Azahar da La'asar da Magariba na bin juna kusa-kusa, don haka a fita da safe a gama kafin uku. A Yuni kuwa har bayan tara da rabi da sauran haske.

Abinci ku tafi da naku: shinkafa a kula, dafaffen ƙwai, cincin, dabino, shayi a fulas. A ƙauye samun naman halal da wuya, kuma gidan cin abincin da za ku tarar sau da yawa mashaya ce. 'Yan shagunan shayi sun fi dacewa da mu, sai dai suna rufewa da wuri. Gashin nama kuwa a bar shi a gida. An hana kunna wuta a Dovestone da wurare da yawa irinsa, kuma gobarar da ta cinye dajin Marsden Moor, nan kusa da shi, a Afrilun 2019, daga ɗan murhun gashi ta tashi.

Ga yadda zan tsara miki Asabar ta farko. Daren Juma'a ki duba yanayi da jadawalin tarago, ki haɗa jaka: ruwa, abinci, filasta, safa busassu ga kowane yaro, ledar shara, waya cike da caji. Ku bar gida wajen tara da rabi ku nufi Dunham Massey. Babban ya riƙe taswirar wurin, na tsakiya ya ƙirga barewa, auta a bayanki, Hajiya da sandarta a gaba don ita ce ma'aunin sauri. Duk kujerar da ta yi mata, a zauna. Bayan awa biyu ku kama hanyar gida tun yaran ba su ce sun gaji ba. In gwiwar ba ta kumbura washegari ba, mako na gaba sai Middlewood Way. Ki gaishe mini da Hajiya da maigida.